Baƙo Raɓa Ne: Tarihin Tatsar Sinadarai da Iskar Kabon

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa dafa ganyen shayi ko ya jiƙa tsamiya ya yi aikin da masana kimiyyar sinadarai ke kira tatsa, ko da bai san sunan ba. Abu mai amfani yana ɓoye a cikin ganye ko ƙwaya ko saiwa, sai a aika wani abu mai narkarwa ya shiga ya ɗauko shi. A tukunyar shayi ruwan zafi ne ɗan aiken, kuma babu mai damuwa da rabuwa da shi, tunda tare za a sha su. A masana'anta lamarin ya sha bamban. Ruwa ba ya narkar da mai, kuma inda yake narkarwa yakan kwaso abin da ake so da wanda ba a so. Saboda haka sai an nemo wani ɗan aike mai zaɓe, wanda sau da yawa shi kansa guba ne. Idan ya gama aikinsa sai a koma fama da shi: ta yaya za a fitar da shi daga abincin da ya shiga, har kada ya bar ko ɓurɓushi?

Hausawa na cewa baƙo raɓa ne, da hantsi ya ɗaga sai a neme shi a rasa. Wannan muƙala ta bi sawun yadda masana'antu suka samo irin wannan baƙo, wato iskar kabon dayoksaid da aka matsa aka ɗumama har ta shiga wani hali na musamman. Tsakanin shekarar 1822 da aka fara lura da wannan hali a Faransa, da lokacin da ya fara aiki a babbar masana'anta a Jamus, an yi shekara fiye da 150. Tarihin wannan jinkiri yana nuna cewa ilimi bai isa masana'anta da ƙafarsa ba. Sai da aka sami ƙarfen da zai riƙe shi, sannan tsoron guba a cikin abinci ya sa tsadarsa ta zama abin jurewa.

Abin da Kunne Ya Fara Ji

Charles Cagniard de la Tour injiniya ne Bafaranshe mai sha'awar nazarin sauti. Shi ne ya ƙera na'urar jiniya a 1819 domin auna kaifin amo, don haka ba abin mamaki ba ne da ya kasance da kunne ya yi bincikensa mafi shahara. A 1822 ya ɗauki bututun bindiga mai kauri, ya zuba masa sinadari mai ruwa-ruwa ba tare da ya cika shi ba, ya jefa dunƙulen dutsen ƙyastu a ciki, sannan ya toshe shi tam. Idan ya karkata bututun, dutsen yakan gangara ya faɗa cikin ruwan, a ji ƙarar fantsama. Ya riƙa ƙara wa bututun zafi yana saurare, har aka kai wani mataki da ƙarar fantsamar ta ɗauke. Ruwan bai fita ba, domin babu ƙofar fita, amma fuskarsa, wato iyakar da ta raba shi da tururin da ke samansa, ta ɓace. Da ya maimaita gwajin a bututun gilashi sai ya ga abin da idonsa.

Bayanin abin da ya faru ba shi da wuya. A cikin rufaffen mazubi, zafi yana sa abu mai ruwa ya buɗe ya rage nauyi, shi kuma tururin da ke sama yana ƙara cunkushewa saboda ba shi da wurin zuwa. Wannan na sauka, wancan na hawa, har su haɗu a nauyi ɗaya. Daga nan babu sauran abin da ya bambanta su, sai su zama abu guda da ya cika mazubin baki ɗaya.

Wanda ya auna wannan al'amari dalla-dalla shi ne Thomas Andrews, malamin kimiyyar sinadarai a Kwalejin Sarauniya da ke Belfast a arewacin tsibirin Ayalan. Ya shafe shekaru yana matsa iskar kabon a cikin siraran bututun gilashi masu kaurin bango, yana rubuta yadda take canzawa a kowane mataki na zafi. A 1869 ya gabatar da sakamakonsa ga Ƙungiyar Masana ta Masarautar Ingila. Ya nuna cewa matuƙar zafin iskar bai kai kimanin digiri 31 a ma'aunin Selshiyos ba, matsi yana mayar da ita ruwa. Da zarar ta haura wannan mataki kuwa, ko wane irin matsi aka yi mata ba za ta koma ruwa ba. Wannan mataki shi za mu kira maƙura a cikin wannan muƙala. Maƙurar iskar kabon tana kan digiri 31 da matsin da ya ninka na iskar da ke kewaye da mu kimanin sau 73. Zafin bai ma kai na jikin ɗan Adam ba, amma matsin ya kai kusan ninki talatin na wanda ke cikin tayar ƙaramar mota. Wannan rashin daidaito, zafi kaɗan da matsi mai yawa, shi ne tushen amfanin iskar, kuma shi ne tushen wahalarta.

Gishirin da Ya Zubo daga Iska

Shekara goma bayan Andrews, wasu masu bincike biyu, James Hannay da James Hogarth, suka yi tambayar da ta buɗe ƙofar masana'anta: shin abin da ya ƙetare maƙura yana iya narkar da daskararren abu? A 1879 suka ba da rahoton cewa sun narkar da wasu nau'o'in gishiri, ciki har da fotasiyam ayodaid da kobal kuloraid, a cikin sinadarin etanol da ya wuce maƙurarsa. Abin da ya fi ɗaukar hankali shi ne yadda narkewar ke bin matsi. Idan suka ƙara matsi gishirin ya narke ya ɓace, idan suka sassauta sai ya zubo kamar gari. William Ramsay, wanda daga baya ya sami lambar Nobel, ya musanta sakamakon a 1880, amma binciken da ya biyo baya ya gaskata su.

A nan ne dukan dabarar ta bayyana. Ruwa da sauran masu narkarwa da aka saba da su ƙarfinsu kusan a tsaye yake, kuma idan ana son rabuwa da su sai an dafa su sun ƙafe. Abin da ya ƙetare maƙura kuwa ƙarfin narkarwarsa yana hannun mai riƙe da famfon matsi. Yana da nauyi kusa da na ruwa, shi ya sa yake iya ɗaukar kaya, kuma yana da saurin ratsawa irin na iska, shi ya sa yake kutsawa cikin ƙananan ƙofofin ƙwaya da ganye. Idan aka sauke matsi sai ya ajiye kayan da ya ɗauko, ya koma iska ya tafi.

Duk da haka, kusan shekara ɗari aka yi wannan ilimi yana kwance a mujallun masana. Dalili na farko shi ne mazubi. Bututun gilashi mai girman yatsa yana iya jure matsin da tukunya mai ɗaukar tan-tan na kaya ba za ta jure ba, domin gwargwadon faɗin tukunya gwargwadon ƙarfin da ke neman tsaga bangonta. Wannan matsala ta sami magani ne daga wani fanni dabam. A 1913 kamfanin BASF ya buɗe masana'antar haɗa sinadarin amoniya a Oppau ta Jamus, bisa hanyar Fritz Haber da Carl Bosch, wadda ke aiki da matsi mai ninki ɗaruruwa. Neman takin zamani da albarushi ne ya koya wa maƙeran Jamus yadda ake gina tukwanen ƙarfe da famfuna da mahaɗan bututu masu jure irin wannan hali. Dalili na biyu ya fi na farko nauyi: babu wanda yake buƙatar hanyar. Man fetur da kwal sun samar da sinadaran narkarwa masu araha, kuma a wancan zamani ba a cika tambayar abin da suke bari a baya ba.

An Gudu Ba a Tsira Ba

Buƙatar ta zo ne ta hanyar gahawa. Tun ƙarni na 15 Sufayen Yemen ke shan ta domin ta taimaka musu wajen raya dare da zikiri, daga nan ta bazu zuwa Makka da Alƙahira da Istanbul har Turai. Sinadarin da ke hana barcin, wato kafeyin, shi ne dai wanda ke cikin goro da ganyen shayi. Wani matashin masani Bajamushe, Friedlieb Ferdinand Runge, shi ya fara ware shi a 1819, bayan marubuci Goethe ya ba shi 'ya'yan gahawa ya ce ya bincika su. Da shan gahawa ya zama ruwan dare a Turai, sai aka sami masu son ɗanɗanonta amma zuciyarsu ko barcinsu ba ya jure kafeyin.

Ludwig Roselius, ɗan kasuwar gahawa a birnin Bremen, shi ya mayar da wannan buƙata sana'a. Ana ba da labarin cewa ya yi imani yawan shan gahawa ne ya yi ajalin mahaifinsa. A 1906 ya kafa kamfanin Kaffee HAG, wanda ke turara ɗanyun 'ya'yan gahawa sannan ya wanke kafeyin ɗin da sinadarin benzin. Hajar ta karɓu, har ta shiga Faransa da Amurka da sunan Sanka. Sai dai benzin, kamar yadda aka tabbatar daga baya, yana haddasa sankarar jini. An fito da gahawar ne da sunan kare lafiya, ga shi kuma sinadarin da aka wanke ta da shi ya fi abin da aka cire haɗari nesa ba kusa ba.

Aka bar benzin aka koma ga wasu sinadaran, musamman tirikloroetilin, wanda kuma ake wanke maiƙon injina da shi. A tsakiyar shekarun 1970 Cibiyar Binciken Sankara ta Amurka ta gano cewa yana jawo sankarar hanta ga ɓeraye, sai kamfanoni suka yi watsi da shi suka rungumi metilin kuloraid. Shi ma ba a daɗe ba gwaje-gwaje a kan dabbobi suka jefa shakku a kansa. A 1989 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta hana amfani da shi a kayan kwalliya, amma ta bar shi a aikin gahawa bisa sharaɗin kada abin da ya rage ya wuce kashi 10 cikin miliyan. Adalci ya sa a faɗi cewa wannan sinadari yana tafasa ne a kimanin digiri 40, gahawa kuwa ana soya ta a zafin da ya kai digiri 200, don haka abin da ke isa bakin mai sha kaɗan ne ƙwarai. Waɗanda suka fi fuskantar haɗari su ne ma'aikatan da ke shaƙarsa kullum. Amma zuciyar mai saye ba ta aiki da ma'aunin ɗakin gwaji. Sau uku ana canza sinadari, sau uku ana samun abin zargi, har kasuwa ta shirya biyan kuɗi mai yawa domin hanyar da babu wannan fargaba a cikinta.

Kurt Zosel da Masana'antar Bremen

Mutumin da ya haɗa tsohon ilimi da sabuwar buƙata ba gahawa yake bincike ba. Kurt Zosel yana aiki ne a Cibiyar Max Planck ta Binciken Kwal da ke Mülheim, ƙarƙashin jagorancin Karl Ziegler, wanda ya sami lambar Nobel a 1963 saboda aikinsa a kan haɗa roba. A farkon shekarun 1960, yayin da yake gwaji da iskar etilin a ƙarƙashin matsi mai tsanani, Zosel ya lura cewa iskar tana ɗauke da wasu sinadarai masu nauyi waɗanda bai kamata su tashi ba a wannan zafi. Wani mai binciken zai iya ɗaukar abin a matsayin cikas ya nemi hanyar kauce masa. Zosel ya tsaya ya bi diddiginsa, ya gwada iskoki daban-daban a kan abubuwa masu yawa, har ya tabbatar cewa hanya ce ta raba sinadarai mai zaman kanta.

Cikin iskokin da ya gwada, ta kabon ce ta fi dacewa da abinci. Ba ta kamawa da wuta, hasali ma da ita ake kashe gobara. Ba ta da wari ko ɗanɗano, ita ce ke sa lemon kwalba kumfa, kuma jikin mutum yana fitar da ita a kowane numfashi. Tana da araha, domin masana'antun amoniya suna fitar da ita a matsayin rara. Sannan maƙurarta ba ta da zafi, don haka ba ta ƙona ƙamshi. A farkon shekarun 1970 Zosel ya yi rajistar haƙƙin mallakar hanyar cire kafeyin da wannan iska, kuma zuwa ƙarshen shekarun kamfanin HAG ya fara aiki da ita a Bremen. Kamfanin da ya fara da benzin a 1906 shi ne ya fara da iskar kabon bayan shekara saba'in da 'yan kai, a birni guda.

Aikin yana tafiya kamar haka. Ana jiƙa ɗanyun 'ya'yan gahawa da ruwa ko tururi har su kumbura, domin a busasshiyar ƙwaya kafeyin yana maƙale da wasu sinadarai, sai danshi ya kwance shi iskar ke iya ɗaukarsa. Sai a zuba su a tukunyar ƙarfe mai kaurin bango, a tura iskar kabon a matsin da ya ninka na sarari sau 200 zuwa 300. Iskar tana ratsa ƙwayoyin na tsawon sa'o'i, tana fita da kafeyin, ta bar yawancin sinadaran da ke zama ƙamshi da ɗanɗano idan an soya. Daga nan a bi da ita ta cikin ruwa ko gawayin tacewa domin ta sauke kayanta, a sake mayar da ita tukunya, haka take ta zagayawa. Gahawa nau'in Arabika tana ɗauke da kafeyin kimanin kashi 1.2 cikin ɗari na nauyinta, nau'in Robusta kuwa kusan ninki biyu na haka. Ƙa'idar da ake bi a Turai ta ce soyayyar gahawar da za a kira marar kafeyin kada abin da ya rage a cikinta ya wuce kashi 0.1 cikin ɗari, kuma hanyar tana cika wannan sharaɗi. Kafeyin ɗin da aka cire ma ba ya zama asara, masu yin lemon kwalba da magunguna ne ke saye.

Inda Ta Ci da Inda Ta Gaza

Bayan gahawa sai hanyar ta bazu. A farkon shekarun 1980 aka fara tatsar furen hops, wanda masu yin giya ke amfani da shi, a Ostireliya da Jamus. Ganyen shayi ya biyo baya, haka ma kayan yaji da na ƙamshi irin su citta da masoro da barkono. A 1988 kamfanin General Foods ya buɗe babbar masana'antar cire kafeyin ta Maxwell House a birnin Houston na Amurka. Ba kowane yunƙuri ne ya yi nasara ba. A 1989 kamfanin Philip Morris ya fito da sigari mai suna Next, wanda aka cire wa yawancin nikotin da wannan hanya. Kimiyyar ta yi aikinta, amma mashaya suka ƙi saye, domin abin da aka cire shi ne abin da ya kama su tun farko. Ba da daɗewa ba aka janye hajar.

Ita kanta iskar tana da iyaka. Ta fi son mai da abubuwa masu kama da mai. Sukari da gishiri da yawancin abubuwan da ke narkewa a ruwa ba sa bin ta, sai dai a wasu lokuta a gauraya mata ɗan etanol ya taimaka. Tukwanen ƙarfen suna da tsada, injinan matsi suna shan wutar lantarki, kuma dole a sami ƙwararrun da za su kula da su, domin kuskure a irin wannan matsi yana iya cin rai. Shi ya sa har yau manyan masana'antun man waken suya da makamantansu suna amfani da sinadarin heksen da ake samu daga fetur. Man girki ribarsa a kowace lita kaɗan ce, ba za ta ɗauki wannan nauyi ba. Iskar kabon ta yi kaka-gida ne a inda kaya kaɗan ke da daraja mai yawa, ko inda doka da mai saye suka ƙi yarda da ragowar sinadari.

Kammalawa

Idan aka dubi tafiyar daga farko, za a ga hannaye da yawa waɗanda ba su san juna ba. Mai nazarin sauti ya ji fuskar ruwa ta ɓace, malamin Belfast ya auna inda take ɓacewa, Hannay da Hogarth suka ga gishiri yana bin umarnin matsi, masu neman taki suka ƙera tukunyar, sannan mai binciken kwal ya haɗa su wuri guda. Amma da ba don benzin da tirikloroetilin sun zubar da amanar masu saye ba, da wuya wani kamfani ya zuba dukiyarsa a ƙarfe mai wannan tsada. Tambayar da aka yi watsi da ita a 1906, wato me ɗan aike ya bari a cikin abinci, ita ce ta dawo bayan shekara saba'in ta sauya masana'antar.

Wannan tarihi ya shafe mu ta wata fuska. Nijeriya tana cikin ƙasashen da suka fi noma citta a duniya, kuma yankin Kachia da kewayensa a kudancin Jihar Kaduna shi ne cibiyar nomanta. Yawancin abin da ake fitarwa busasshiyar citta ce a buhu. Man ƙamshinta da sinadarin yajinta, waɗanda suka fi buhun daraja, a wasu ƙasashe ake tatsar su, wani lokaci da wannan hanya da muka bi tarihinta. Ilimin ba sirri ba ne, yana cikin littattafan da ɗaliban kimiyya ke karantawa a jami'o'inmu. Abin da tarihin Bremen ya koyar shi ne cewa ilimin yana jiran abokan tafiya: wuta mai ɗorewa, ƙarfe da ƙwararrun da za su riƙe shi, da mai saye da ya damu da abin da ke shiga cikinsa. Turai ta yi shekara fiye da 150 kafin waɗannan su haɗu mata. Wanda ya zo daga baya yana da damar da na farko bai samu ba, domin an riga an share masa hanya, ya kuma san abin da ya kamata ya tanada kafin ya kama ta.